Kwana huɗu a Niue: jirgi da teku da ranar Lahadi ne za su tsara miki hutun

“Assalamu alaikum. Ni ma’aikaciyar jinya ce a Auckland, shekarata uku ke nan a Nuzilan. Na samu hutun kwana huɗu a watan Agusta, kuma ni da maigidana da ɗanmu mai shekara bakwai muna son mu je wani ƙaramin tsibiri inda babu hayaniya. Abokan aikina sun ce mu gwada Niue. Shin kwana huɗu za su isa? Fasfo ɗin Najeriya ne da mu. Yaya batun abinci da salla? Don Allah a ba mu shawara kafin mu biya kuɗin tikiti.”

Wa alaikumus salam, ’yar’uwa. Kin kyauta da kika yi tambaya kafin biyan kuɗi, don a tafiya irin wannan mafi yawan asarar da mutane ke tafkawa a ranar sayen tikiti suke tafka ta. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko ɗan lokacin da kike da shi zai wadatar, ko takardunku za su bar ku ku fita ku dawo lafiya, da yadda Musulmi zai ci ya yi ibada a can. Na daɗe ina haɗa wa mutane tafiye-tafiye daga Auckland zuwa tsibiran Tekun Fasifik, Niue kuma na taka ta da ƙafata fiye da sau ɗaya. Amsata a taƙaice ita ce kwana huɗu za su iya isa, amma ba ke za ki zaɓe su ba.

Bari in fara da wurin kansa, don abokan aikinki mai yiwuwa hoton ruwa kawai suka nuna miki. Niue, wadda mutanenta ke furtawa kamar Niyuwe, tsibiri ɗaya ne tilo, kimanin kilomita 2,400 arewa maso gabas da Nuzilan, tsakanin Tonga da Samowa da tsibiran Cook. Faɗinta murabba’in kilomita 260 ne, mutanenta kuwa kusan 1,700 a ƙauyuka 14, ba su kai jama’ar unguwa guda a Kano ba. ’Yan asalin Niue da ke zaune a Nuzilan sun ninka na gida fiye da sau goma, shi ya sa za ki ga gidaje da yawa a rufe, ciyawa ta cinye ƙofa. Tun 1974 take mulkin kanta cikin yarjejeniyar ƙawance da Nuzilan, dalar Nuzilan take kashewa, kuma kusan kowa yana jin Turanci. Babban garinta Alofi.

Abin da ya fi muhimmanci ki sani shi ne Niue dutse ce. Murjani ne da ya taso daga ƙarƙashin teku ya sandare, gefensa duk gangare mai tsini. Wanda ya je neman doguwar gaɓa mai farin rairayi, inda za a shimfiɗa tabarma yaro ya yi ta gina ɗakin ƙasa, zai dawo da ɓacin rai. Rairayin kaɗan ne, a ’yan lunguna. Abin da take da shi kogwanni ne da tsagogin dutse da tafkunan da teku ke cikawa a tsakanin duwatsu. Babu kogi ko ɗaya a tsibirin, ruwan sama ta cikin dutsen yake tsiyaya, don haka babu laka da ke gangarawa teku. Wannan ne ya sa ruwanta yake garau har mutum yana hango ƙasa daga nisan gomman mitoci.

Jirgin da ke yanke hukunci

Hanya ɗaya ce ake shiga Niue ta sama: jirgin Air New Zealand daga Auckland, tafiyar awa uku da rabi. Ba kullum yake zuwa ba. Wani lokacin sau biyu a mako, wani lokacin sau ɗaya, ya danganta da yanayin shekara. Saboda haka tsawon hutunki tazarar da ke tsakanin jirgi da jirgi ce. In sau ɗaya yake zuwa a makon da kike so, to ko ki yi mako guda cif ko ki haƙura. Abu na farko da za ki yi, tun kafin ki tabbatar wa shugabar sashenku ranakun hutu, shi ne ki buɗe jadawalin jirgin na watan Agusta ki ga ranakun da yake tashi.

Sai kuma tarkon da ke kama kusan kowa. Tsakanin Auckland da Niue akwai layin nan na duniya da kwanan wata ke sauyawa a kansa. A watan Agusta Niue tana bayan Nuzilan da awa 23, lokacin bazarar Nuzilan kuwa da ake tura agogo gaba sai ya zama awa 24. Ma’ana, idan jirginku ya bar Auckland ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, za ku sauka Niue ranar Juma’a wajen ɗaya da rabi na rana. Kun koma jiya. A dawowa kuma sai a karɓe abin da aka ba ku: ku tashi Juma’a da rana, ku sauka Auckland Asabar da yamma.

Ni kaina wannan ya taɓa kayar da ni a farkon shigata aikin. Na kama wa wasu ma’aurata ɗaki daga ranar Asabar, saboda Asabar ce a rubuce a kan tikitinsu. Suka sauka ranar Juma’a, ɗakin akwai mutane a ciki sai washegari. Allah ya taimaka matar da ke kula da masaukin ta kira wata ’yar’uwarta aka ba su ɗakin kwana ɗaya, amma kunyar da na sha ranar har yau ban manta ba. Tun daga nan nake rubuta wa kowa ranaku biyu a takarda ɗaya, na Auckland a hagu, na Niue a dama. Masauki da motar haya da ranakun dama ake kama su. Ranar komawa aiki da na hagu ake lissafa ta.

Yanzu mu auna zaɓinki da tsarin da na fi sabawa da shi, inda jirgi ke sauka Niue Litinin da Juma’a. Ki duba ko haka yake a bana, don yakan sauya. In kuka sauka Juma’a kuka tashi Litinin, kwana uku ne, kuma cikakkun ranakunku biyu ne kacal, Asabar da Lahadi. Lahadin kuwa, kamar yadda zan bayyana, kusan ba taku ba ce. Kun biya kuɗin jirgin mutum uku ke nan saboda wuni ɗaya. Ban ba ki shawarar wannan ba ko kaɗan. In kuka sauka Litinin kuka tashi Juma’a, kwana huɗu ne da cikakkun ranaku uku, Talata da Laraba da Alhamis, babu Lahadi a ciki, kasuwa da shaguna duk a buɗe. Wannan shi ne gajeren hutun da ke da ma’ana a Niue. Sai dai ki lura, a lissafin Auckland za ku tashi Talata ku dawo Asabar da yamma, wato ranaku biyar za ki buƙata, kuma kada ki yarda a sa ki aikin daren wannan Asabar ɗin. Ni da a ce zan iya, har Lahadin zan bari fili, domin idan jirgin ya makara ko aka ɗage shi saboda iska, babu wani na biyu da za a tura ku ciki.

In kuwa za ki iya musanyar aiki da wata abokiyar aikinki ki haɗa mako guda, ki yi. Kuɗin jirgi ɗaya ne, kuma mako yana ba ku sararin da ruwan sama ko tashin teku na wuni ɗaya ba zai ɓata komai ba.

Agusta lokaci ne mai kyau. Daga Mayu zuwa Oktoba ruwan sama ya yi sauƙi, zafi bai tsananta ba, da dare ma sai kin nemi ’yar rigar sanyi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ne lokacin guguwa, kuma ba wasa ba ce: a Janairun 2004 guguwar Heta ta rugurguza Alofi, har da asibitin tsibirin. Daga Yuli zuwa Oktoba kuma wel ke zuwa haihuwa, ƙaton kifin nan mai shayarwa wanda in ka gan shi sai ƙissar Annabi Yunusa ta faɗo maka. Da yake teku na zurfafa nan take daga gindin dutse, suna matsowa kusa ƙwarai. Na taɓa zama a barandar masauki bayan sallar isha’i ina jin hucinsu a cikin duhu kamar ana sace iskar babbar taya. Amma saboda su ne ɗakuna ke ƙarewa da wuri a wannan lokaci. Babban otal ɗaya ne, Scenic Matavai, sauran ƙananan gidajen haya ne masu ɗaki kaɗan. Ki tabbatar da masauki da tikiti a rana ɗaya, kada ki sayi ɗaya ki bar ɗaya sai gobe.

Takardunku

Niue kanta ba ta da wahalar shiga. Ana ba baƙo izinin kwana 30 idan ya sauka, in dai yana da fasfo mai sauran wa’adi, tikitin komawa da wurin sauka. Matsalarku tana wajen dawowa. Duk da dala ɗaya suke kashewa, a dokar shige da fice zuwa Niue fita ce daga Nuzilan. Ku ɗauko bizar kowannenku, har da ta yaron, ku karanta sharaɗin tafiya: tana ba da damar shiga sau da yawa? Wa’adinta zai wuce ranar dawowa? Masu bizar zama su ma su duba, don sharaɗin fita da dawowa da ke kanta yakan ƙare bayan shekara biyu ko da izinin zaman yana nan. Jirgi ba zai ɗauki wanda ba shi da izinin shiga Auckland ba, kuma daga Niue babu wata ƙofa sai Auckland. In akwai takardar neman sabuwar biza da kuka shigar ba a amsa ba, ku tuntuɓi hukumar shige da fice ko lauyanku kafin ku motsa. Ni mai haɗa tafiya ne, wannan hukunci nasu ne.

Teku ne agogonku

Da kun sauka, motar haya ita ce ƙafarku. Babu bas, babu tasi da za ki tsayar a hanya. A kama motar tun daga Auckland. Wanda zai tuƙa ya biya ofishin ’yan sanda a Alofi da lasisinsa a ba shi na Niue, dala 20 da ’yan kai. Hanyar da ta zagaye tsibirin kilomita 60 ce da ɗoriya, ta hagu ake tuƙi kamar Nuzilan, gudun 40 a cikin ƙauye, 60 a waje, kuma ramuka da kaji ba za su bar ka ka wuce haka ba. Duk motar da kuka haɗu da ita direban zai ɗaga hannu. A mayar masa.

Abu na biyu da za ki nema ranar farko, a ofishin baƙi da ke Alofi, shi ne takardar lokutan cika da janyewar teku. Wannan takarda ita ce jadawalinku na gaskiya. Yawancin wuraren da kuka zo gani suna da sa’arsu. Kogon Avaiki da gaɓar Hio da duwatsun Talava masu siffar baka sai ruwa ya janye ake jin daɗinsu, wasu ma ba a isa gare su in ya cika. Tafkunan Limu sun fi kyau idan ruwa yana tsaka-tsaki. Lokacin janyewar kuma yana ja baya da kusan minti 50 kowace rana, don haka in yau da tara na safe ne, jibi sai wajen goma da rabi da ɗan wani abu. Tun kina gida za ki iya duba lokutan ranakunku uku a intanet ki jera wurare a kansu, a bar cin abinci da barcin rana su bi baya.

Da yaro ɗan shekara bakwai, ga yadda ni zan yi. Ranar da kuka iso, Matapa: tsagar dutse ce mai tsawo, an ce nan sarakunan dā suke wanka, hanyarta gajera ce, manyan duwatsu sun tare ta daga igiyar teku, kuma ana shigarta kusan kowane lokaci. Ruwan daɗi mai sanyi yana fitowa daga dutse ya gauraya da na gishiri, sai ki ga saman ruwan yana rawa kamar an zuba mai. Amma tana da zurfi, yaro sai da rigar iyo mai hana nutsewa, kuma ku taho da taku daga Auckland. Washegari Limu, inda zai ga kifaye masu launi yana tsaye kusa da ke. Tsagar dutsen da ake kira Togo, a gabashin tsibirin, ita ce ta fi ba ni mamaki: ana ratsa dajin Huvalu, a fito fili mai cike da tsinin murjani baƙi kamar haƙoran zarto, sannan a sauka doguwar tsani ta katako zuwa wani rami mai farin rairayi da itatuwan kwakwa a tsakiyar dutse. Ba a iyo a can, tekun gabas mahaukaci ne. Tsanin kuma a miƙe take. In yaron mai rawar kai ne, ku tsaya daga sama ku kalla, ba abin da ya ragu.

Takalmi shi ne kayan da mutane suka fi rainawa kuma suka fi nadama a kansa. Silifas ba ya aiki a Niue. Kowa ya samu takalmin ruwa mai kaurin ƙasa, da kambas na tafiya. Murjani yana yanka kamar reza, kuma ke ma’aikaciyar jinya ce, kin san ciwon da ya kwashi ƙazantar teku yadda yake saurin ruruwa. Ki haɗa ’yar jakarki ta wanke ciwo. Za kuma ku ga macijin teku mai zane baƙi da toka-toka, katuali suke ce masa. Yana da dafi, amma ba ya neman mutum, yakan taso ya shaƙi iska ya koma. A gaya wa yaro tun a gida cewa kallo ne kawai, ba a taɓawa.

Lahadi kuwa, in hutunku ya haɗa da ita, ki ɗauke ta da girma. Mutanen Niue Kiristoci ne masu riƙo, ranar ta coci ce da hutawa. Ba a kamun kifi, ba a fita da kwalekwale, shaguna a rufe, wasu wuraren wanka kamar Avaiki ba a shiga, kuma ba a yin iyo kusa da coci lokacin ibada. Yawo da mota da kallon wurare babu laifi. Wanda ya taso inda kasuwa ke tsayawa cak idan liman ya hau mumbari ba zai ga baƙon abu a nan ba. Haka ma sutura: ba sa son a ratsa ƙauye da kayan wanka, don haka shigarki ta mutunci daidai take da al’adarsu. Gaisuwarsu “Fakaalofa lahi atu”, ki koya wa yaron, za ki ga yadda fuskar tsofaffi ke sakewa.

Ci da salla

Babu masallaci, babu mahaucin halal. Alade kuma yana tsakiyar girkinsu na biki, musamman abin da suke gasawa a ramin ƙasa da duwatsu masu zafi, wanda suke kira umu, inda nama da gwaza da kifi duk rami ɗaya suke shiga. In aka gayyace ku irin wannan walima, ki yi tambaya a fili cikin ladabi, ba sa jin haushi. Abin da zai rufa muku asiri kifi ne, tuna da sauran manyan kifayen da aka kamo ranar, ga gwaza da rogo da ayaba da gwanda da kwakwa. Akwai wani abincinsu, takihi, gwaza da gwanda ne ake jerawa a zuba madarar kwakwa a gasa. Ki nema. Za a kuma yi muku tallar uga, wata ƙatuwar ƙaguwa da ke hawa bishiya tana fasa kwakwa. A tudu take rayuwa, don haka kada ki sa ta a hukuncin abincin teku kai tsaye, ki tambayi malaminki tun kafin tafiya.

Shawarata ki kama masauki mai kicin. Gidajen abinci kaɗan ne, kowanne da dararen da yake buɗewa, wasu sai an sanar da su tun da rana. Kayan shago jirgin ruwa ke kawowa kusan wata-wata, in ya makara sai ki ga kanta ta yi fayau, kuma komai ya fi Auckland tsada. Kasuwar Alofi tana ci da sassafe ranakun Talata da Juma’a, wanda ya bari rana ta take zai tarar an watse. Mutane da yawa suna tahowa da daskararren nama daga Auckland a akwatin sanyi. Ke ma za ki iya yin haka da na halal, in dai yana cikin ledar kamfani da tambarinsa kuma kin bayyana shi a filin jirgi, amma ki tabbatar da ƙa’idar da ake bi a lokacin tafiyarku. Kilishin da aka aiko miki daga gida a naɗe cikin takarda ya zauna a Auckland. Ki riƙe tsabar kuɗi ma, don kati yana aiki a wurare da dama amma ba a kasuwa ba, kuma kada ki dogara da samun na’urar cirar kuɗi. Layin wayarki na Nuzilan ma kada ki sa rai da shi, ana sayen na Telecom Niue a Alofi.

Alƙibla tana yamma, da ɗan karkata kaɗan zuwa arewa. In masaukinku a ɓangaren Alofi yake, kusan teku za ku fuskanta, inda rana ke faɗuwa. Ki sauke lokutan salla a waya tun kina da intanet mai ƙarfi. Salla da ranar wurin da kike ake yin ta, ba da agogon da kika baro ba. Batun ƙasaru kuma, a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke shi: mai kwana uku zai yi ƙasaru, mai mako zai cika. Naku na Litinin zuwa Juma’a a kan iyaka yake, ya danganta da yadda aka ƙirga, wannan ma na malamai ne.

Saura inshora, kuma a nan ba na sassautawa. Asibiti ɗaya ne a tsibirin, Niue Foou, yana iya ƙananan abubuwa, amma karaya mai tsanani ko ciwon da ke buƙatar babban tiyata sai an kwashi mutum zuwa Auckland, wani lokacin da jirgi na musamman, kuma kuɗinsa ba na albashi ba ne. Ku sayi inshorar da ta rubuta ɗaukar mara lafiya ta jirgi a fili, ku duba ko ta haɗa da ɗage tafiya. Duk mai shan magani kullum ya riƙe na ƙarin mako guda a jakar hannu, kuma ya bi tazarar awanni, kada sauyin kwanan wata ya ruɗe shi ya sha sau biyu ko ya tsallake.

Ranar dawowa, ku wanke takalman nan tas, ƙasar daji da ta maƙale a ƙasansu abin tambaya ce a Auckland. Yaron zai cika aljihu da bawon katantanwa da gutsuren murjani, ki lalube shi tun a masauki. Duk abin ci ko na tsiro ko na teku da ya rage a jaka ki rubuta shi a takardar shiga, tarar wanda bai bayyana ba dala 400 ce nan take.